Kwana Uku na Rana a Lankasta

A gundumar Lankasta, cikin jihar Fensilbaniya ta Amurka, ciyawa shuka ce. Ana sayen irinta da kuɗi masu kauri, a gyara mata ƙasa, a ba ta taki, sannan a riƙa kwana da fargabar abin da sama za ta yi mata. Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Filadalfiya ya nufi yamma, kafin awa guda da rabi ya riga ya tsunduma cikin ƙasar: tuddai marasa tsawo, fararen gidaje, dogayen rumbunan siminti masu hular ƙarfe a gefen kowane garke, da gonaki jere da juna, wannan masara ce da ba ta wuce idon sawu ba, wancan kore shar, na kusa da shi kuma an aske shi, ciyawar tana kwance tana shan rana. A ƙarshen watan Mayu na je, lokacin yankan farko, kuma ɗan yayata da ke karatun noma a jihar shi ne ɗan jagorana. Duk inda muka tsaya, gidan mai ne ko shagon kayan gona, hirar ɗaya ce: wa ya yanka, wa bai yanka ba, kuma me masu hasashen yanayi suka ce game da jibi.

Fargabar tana da dalili. Gundumar nan ita ce kan gaba wajen madara a duk jihar, kuma saniyar tatsa ba ta san hutu ba. Daga Disamba zuwa Maris sanyi ne da ƙanƙara, ba abin da ke tsirowa, don haka abin da za ta ci a watannin nan dole a tanade shi tun da zafi. Babbar ciyawarsu ita ce alfalfa, dangin wake, mai ƙananan ganye uku-uku da fure shunayya. Saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai, tana son ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta Lankasta, kuma shuka ɗaya takan yi shekara huɗu ko biyar ana yanka tana tohowa. A shekara ana yankanta sau huɗu, wasu har biyar, kusan duk bayan wata guda. Ruwan sama kuwa ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma bai san damina ba bai san rani ba, kowane wata da rabonsa. Lokacin zafi iska tana da laima, jiki yana danƙo, da la'asar hadari yakan haɗu ba sallama ya juye ya wuce. Samun kwana uku a jere rana tana dukan ƙasa ba ƙaramar sa'a ba ce.

Ɗan yayata ya yi mini lissafin a bayan wata takardar rasit. Alfalfa ɗanya, kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Kafin a ɗaure ta a kai ɗaki sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20, manyan dammuna ma sai wajen kashi 15 ko 16. Ke nan domin a sami tan 1 na ingirici, sai rana da iska sun kwashe ruwa kusan tan 3 daga jikin ciyawar tana kwance a gona. "Kawu," in ji shi, "duk injin da za ka gani yau, ruwan nan yake kora."

Inda gizo ke saƙar shi ne ganye da kara ba sa bushewa tare. Ganye siriri ne, ga shi da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda tsiro ke numfashi ta cikinsu, cikin yini guda ya yi ƙayau. Kara kuwa yana da kauri, kuma jikinsa a shafe yake da wani kaki da Allah ya yi masa domin kada ruwa ya tsere tsiron yana raye. Bayan an yanka, kakin nan bai san an yanka ba, yana nan yana aikinsa. Idan manomi ya jira kara ya bushe, ganye ya riga ya wuce misali, da an taɓa shi sai ya marmashe ya zube. Alhali albarkar alfalfa a ganye take, kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗinta a nan yake. Idan kuma ya ce bari ya ceci ganye ya ɗaure da wuri, ɗanyen kara zai sa dammin ya yi fumfuna, ko ma abin da ya fi fumfuna muni. Tsakanin waɗannan asarori biyu manomin ciyawa yake tsaye, kuma injin yanka da murza domin wannan matsi aka ƙirƙiro shi.

Gonar da muka fi daɗewa a cikinta ta wani dattijo ce ɗan ɗariƙar Menonayit, mai kiwon shanun nan masu roɗi-roɗin baƙi da fari. Mun iso da hantsi muka tarar bai fara ba, yana jiran raɓa ta ɗaga. Injin yana maƙale a bayan tarakta, ya karkata zuwa hannun dama domin kada tayoyi su taka abin da ba a yanka ba. Ya ɗaga labulen roba mai kauri da ke gabansa ya nuna mana ciki. Can ƙasa, dab da turɓaya, jerin faya-fayan ƙarfe ne, kowanne da wuƙaƙe biyu da ba su fi tsawon yatsa ba, masu juyawa wajen sau 3,000 a minti guda. Wannan shi ne mai yanka. A bayan faya-fayan akwai rola biyu, ɗaya bisa ɗaya, tsawonsu ya kusa faɗin injin, an lulluɓe su da baƙar roba mai tudu da kwari, tudun ta sama yana shiga kwarin ta ƙasa ba tare da sun taɓa juna ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu mazarƙwaila a ƙasar Zazzau, ya ga yadda rake ke shiga tsakanin ƙarafa ya fito a murje, ya riga ya gane rabin abin. Bambancin shi ne a nan ba a son ruwan ya tsiyaye nan take. So ake a lanƙwasa kara duk bayan santimita 8 zuwa 10, kakin ya tsage, ruwa ya sami ƙofa, sannan a bar wa rana sauran aikin. Kara ya yi sauri, ganye bai daɗe yana jira ba, su isa bushewa kusan lokaci ɗaya.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda dattijon ya auna tazarar da ke tsakanin rolar biyu. Ya kashe tarakta, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya aika jikansa cikin gida ya yago masa takardar alminiyam irin ta naɗe abinci. Ya naɗa ta ya yi 'yan sanduna uku masu kaurin ƙaramin yatsa, ya cusa ɗaya a tsakiyar rola, biyu a gefe da gefe, ya juya rolar da hannu har suka fito ta baya a lanƙwashe. Sai ya ɗauko ma'auni ya gwada wurin da kowacce ta fi matsewa. Abin da yake nema shi ne milimita 2 ko kusa da haka, wato ɗan ƙasa da kaurin karan alfalfa. Gefe ɗaya ya fi buɗewa, don haka ya kwanta ƙarƙashin injin da sifana ya ɗaure wani noti, ya sake gwadawa. Idan tazarar ta yi faɗi, kara zai wuce lafiya lau, an ƙona mai a banza. Idan ta matse da yawa, ganye zai daku ya yi baƙi, robar ma ta cinye kanta. Inji ne na kuɗi masu yawa, amma amfaninsa da rashin amfaninsa suna rataye a kan tazarar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba, kuma mutumin da gemunsa ya yi fari bai ga ƙasƙanci ba a kwanciya cikin ƙura saboda ita.

Da ya kunna ya shiga gona, bai yi nisa ba ya tsaya ya sauko. Ya damƙo ciyawar da ta fito ta baya, ya ware kara goma yana bin kowanne da babban yatsa. Ƙa'idar da malaman gona na can ke koyarwa ita ce tara cikin goma su nuna alamar karaya, ganyen da ya daku kuma ya zama 'yan ƙalilan. Ya miƙo mini ɗaya. Karan ya yi laushi, ya lanƙwashe gaɓa-gaɓa, inda ya karye yana ɗan sheƙi da danshi, ganyen kuwa suna nan kore ba tabo. Ƙamshin da ya tashi daga gonar a lokacin, na ɗanyen ganye da ƙasa mai ɗumi, ya bi ni har cikin mota.

Rola ba ita kaɗai ce dabarar ba. Wasu injinan rolarsu ta ƙarfe ce, ta fi jure ƙasa mai tsakuwa. Wasu kuma ba su da rola sam, sai wani ganga mai juyawa da aka jera wa yatsun ƙarfe, yana ɗaukar ciyawar yana goga ta da murfin injin da kuma junanta har kakin ya kankare. Wannan ya fi dacewa da ciyawa mai dogon ganye irin timoti, wadda masu dawakai ke so. A kan alfalfa yana zubar da ganye, sai an rage masa gudu. Maƙwabcin dattijon da irin wannan yake aiki, kuma na lura kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ne bai gane ba.

Akwai wani abu da ya saɓa wa abin da mutum zai zata. A sa'o'in farko bayan yanka, murzar ba ita ce ke aiki ba. Tsiron bai mutu ba tukuna. Muddin ganye yana ganin haske, kafofinsa a buɗe suke, kuma yana ci gaba da jan ruwa daga kara yana fitarwa. Ta wannan hanya ruwa ke sauka daga wajen kashi 80 zuwa wajen 60, kuma da sauri yake sauka. Amma ganyen da aka binne a tsakiyar tari yana cikin duhu, sai ya rufe kafofinsa ya zauna da ruwansa, yana ta ƙona sukarin da saniya ya kamata ta ci. Shi ya sa dattijon ya buɗe fikafikan bayan injin har ƙarshe, ciyawar ta shimfiɗu ta rufe kusan kashi 70 ko 80 cikin ɗari na faɗin da aka yanka, maimakon ta taru a siririn layi. Sai kafofin sun rufe ne aikin rola ke bayyana, domin daga nan ruwan kara ba shi da mafita sai ta inda aka tsaga. Haka kuma ba ya aske gonar har ƙasa. Yana barin kututture mai tsawon santimita 7 ko 8, wanda ke ɗaga ciyawar sama iska ta ratsa ta ƙarƙashi, ya kuma hana ta kwasar ƙasa. A yammacin Amurka, inda iska ke bushe, akan so yanka da yamma domin a lokacin sukari ya fi taruwa a tsiro. A Lankasta ba su da wannan sukuni, da safe suke yanka domin kada a yi asarar yini guda na rana.

Idan komai ya tafi daidai, murzar tana rage kwana guda daga jira, wani lokaci biyu. Wanda bai san ƙasar ba zai ce kwana guda me ya daɗa. A wurin da hadari ke leƙowa duk bayan 'yan kwanaki, kwana gudan nan shi ne tsakanin abincin saniyar tatsa da shimfiɗar ƙarƙashinta. Sai dai dabarar tana da farashinta, kuma ba su ɓoye mini ba: ƙofar da aka buɗe wa ruwa ya fita, ta nan ruwan sama ke shiga. Ciyawar da aka murza, idan ruwa ya doke ta, ta fi wadda ba a murza ba tsotsewa, kuma sukarinta ya fi saurin wankewa. Caca ce ake yi da sama, injin dai yana gajarta lokacin da kuɗin mutum ke kan tabarma.

Garin da ya haifi wannan inji yana nan cikin gundumar, kimanin kilomita 20 gabas da birnin Lankasta, sunansa New Holland. Ƙaramin gari ne mai dogon titi guda, wanda da ba don sunan da ke jikin taraktoci shuɗɗa da muke gani har a gida ba, da ba wanda zai san da shi. A nan wani maƙeri ɗan Menonayit, Abe Zimmerman, ya buɗe shagon gyaran injina a 1895. A ƙarshen shekarun 1930 wani manomi na yankin, Ed Nolt, ya haɗa injin da ke tsince ciyawa daga ƙasa, ya matse ta, ya ɗaure da igiya da kansa, kuma a 1940 kamfanin New Holland, wanda ya tsiro daga shagon nan, ya fara ƙera shi. Kamfanin Sperry ya sayi New Holland a 1947. A shekarun 1950 an riga an san amfanin murza kara, amma injin murzar daban yake: a yanka da wani, a dawo a bi da wani, ana taka ciyawa sau biyu, ana ƙona mai sau biyu. A 1964 suka fito da Haybine, wanda ya haɗa yanka da murza a tafiya ɗaya. Na farkon da doguwar wuƙa mai kai da komo yake yanka, masu faifai irin na dattijon, waɗanda kamfanin ke kira Discbine, daga baya suka zo. Kamfanin ya koma hannun Ford a 1986, sannan Fiat a 1991, amma har gobe ana ƙera kayan aikin ciyawa a garin. Abin da na lura da shi shi ne masana'antar tana tsakiyar gonaki. Mai zana inji da mai amfani da shi coci ɗaya suke zuwa, kuma idan ƙarfe ya karye a gona da safe, labarin ba ya kwana bai isa kunnen wanda ya ƙera shi ba.

Daga New Holland muka yi kudu, wajen ƙauyukan Amishawa. Kakanninsu daga Siwizalan da kudancin Jamus suka taso, suka fara isowa Fensilbaniya a shekarun 1730 suna gudun tsangwamar addini, kuma a yau sun haura dubu 40 a wannan yanki. Ba sa tuƙa mota, ba sa jawo wutar lantarki ta gwamnati cikin gida, keken doki mai launin toka shi ne abin hawansu. Tarakta suna da ita, amma a gefen garke take tana juya injina, ba ta shiga gona. Na ɗauka irin waɗannan mutane da lauje zan same su. Sai ga wani saurayi da malafar kaba da wando mai igiyar kafaɗa, tsaye a kan wani ƙaramin amalanke mai tayoyin ƙarfe, alfadarai huɗu a gabansa, injin dizal yana ruri a bayan ƙafarsa, a bayan injin kuma tsohuwar Haybine ja da rawaya tana tauna alfalfa tana tofarwa. Alfadarai ke ja, dizal ke juya wuƙa da rola. Dattawansu sun auna abin ne da ma'aunin kansu: injin da zai ceci ciyawa daga ruwa an karɓe shi, amma tarakta a gona za ta sa mutum ya iya noma gonar maƙwabcinsa ya haɗa da tasa, 'ya'ya su rasa aikin yi, daga nan kuma sai mota. Muddin da dabba ake ja, gona ba za ta wuce ƙarfin iyali ɗaya ba. Dokokin sun bambanta daga wannan jama'a zuwa waccan, kuma maƙeransu sun ƙware wajen sayen tsofaffin injina su sake musu tayoyi da linzami. Ban ɗauke shi hoto ba, domin ba sa so, kuma baƙo ba shi da hurumin keta wannan.

Wani abin da ya ƙara musu kwarjini a idona shi ne ranar Lahadi. Ko ciyawa ta bushe ƙayau, ko hadari ya yi baƙi ƙirin a yamma, ba mai ɗaura wa alfadari kaya. Don haka lissafin kwana ukun nan, dole mutum ya sa Lahadi a cikinsa tun kafin ya sa wuƙa.

Bayan yanka, sauran aikin duk lallashin ganye ne. Kashegari da safe akan bi da injin baza, mai juya ciyawar da yatsu domin ta ƙasa ta ga rana, kuma ana yin haka ne tun tana da laushi. Tarawa da manjagarar inji ma da sauran danshi ake yi, ko da sassafe raɓa ba ta gama ɗagawa ba, domin ganyen da ya bushe sosai ba ya jure taɓi. Ranar ɗauri kowa na gida yana gona. Na tsaya a bakin hanya ina kallon wata gonar Amishawa, uba yana riƙe da linzami, dammuna masu kusurwa huɗu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yara maza da mata ba takalmi suna jera su a kan amalanke har ya fi tsayin mutum biyu, kowa yana ɗaga kai lokaci-lokaci yana duban yamma. Kafin a fara ɗaurin, manomi yakan murɗa ciyawar a hannu ya ji ko kara zai karye ko zai lanƙwashe, wasu kuma suna da sandar awo da ake sokawa cikin dammi ta nuna yawan ruwan.

Ba sa wasa da wannan awon, domin ɗanyen dammi wuta yake haifarwa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ci gaba da cin ciyawar a cikin ɗaki, zafi yana taruwa a tsakiyar tari ba shi da mafita. Idan bai yi tsanani ba, ingiricin yakan yi ruwan ƙasa ya riƙa ƙamshin taba, shanu suna son sa amma furotin ɗinsa ya riga ya ɗaure, ba ya amfanar jiki. Idan ma'aunin zafi ya kai digiri 65 an shiga hatsari, a digiri 80 kuwa 'yan kwana-kwana ake kira kafin a taɓa ko dammi ɗaya, domin da iska ta shiga sai wuta. Makonni shida na farko bayan ajiya su ne abin tsoro. Yawancin 'yan kwana-kwanan ƙauyukan nan 'yan sa kai ne, har da Amishawa a cikinsu, kuma da gwanjon da ake yi a ƙarshen sanyi, lokacin da ƙasa ke caɓi, ake tara musu kuɗi. Wanda gobara ta cinye wa garke, maƙwabta ke taruwa su tayar masa da sabo cikin 'yan kwanaki.

Wasu manoman sun gaji da cacar sun nemi wata hanya. Suna ɗaure ciyawar tun ruwanta yana wajen rabi, su naɗe kowane dammi da farar leda har iska ta kasa shiga, ta yi tsami a ciki ta ajiyu. Fararen dunƙulen da ke jere a gefen gonaki ke nan. Yini guda na rana ya ishe su. Amma masu dawakai busasshe suke so, kuma shi ke tafiya nesa a mota, don haka rola ba ta rasa aiki ba.

Duk wannan bai zama mini baƙon ilimi gaba ɗaya ba. Mai sayen harawar gyaɗa ko ta wake a kasuwannin dabbobinmu ganye yake dubawa, kuma ya san dammin da ya zama tsinke zalla kuɗinsa ya faɗi. Wanda ya ɗora harawa a kan soro ko a cokalin bishiya, daga laimar ƙasa da bakin dabba yake tsare ta. Mu kakarmu tana zuwa da busasshiyar iska, harawa ba ta buƙatar rola. Inda matsalarmu ta haɗu da tasu shi ne ciyawar daji: a watan Agusta, lokacin da take da laushi da amfani, ruwa ba ya barin ta ta bushe, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma ta riga ta tsufa ta zama kara. Ba ina cewa a sayo wa mai kadada biyu injin da ya fi gidansa tsada ba ne. Amma yanka da safe, shimfiɗawa da faɗi, barin kututture, da ɗaukar ganye tun da sauran laushi, ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar dizal.

Ranar Juma'a muka je kasuwar Green Dragon da ke garin Efrata, inda ake gwanjon ingirici. Motoci da tireloli sun yi layi, kowacce da lodinta da lambarta. Masu saye suna bi ɗaya bayan ɗaya, mutum ya tura hannu har wuyan hannu cikin dammi, ya zaro damƙa daga tsakiya, ya kai hanci, ya buɗe tafin hannu ya ga ganye nawa ya manne da kara, ya girgiza ya ga ko ƙura za ta tashi. Ba mai tambayar mai kaya komai, ingiricin ne ke ba da labarin makon da aka yanka shi. Mai gwanjo yana tafe yana zuba lambobi da saurin da kunnena bai iya bi ba, ciniki kuma da tan ake yi. Kore mai laushi da ganye, musamman yanka na biyu da na uku, masu dawakai ne ke kokawa a kansa. Wanda ya ɗan yi fari saboda rana ko raɓa yakan tafi ga masu shanun nama.

A ƙarshen layi akwai lodin da ruwa ya doka, baƙi-baƙi, yana warin ruɓa. Na tambayi ɗan yayata ko wannan zubarwa za a yi. Ya ce a'a, Kawu, wannan ma da masu shi. A gundumar Cesta da ke maƙwabtaka, kewayen garin Kennett Square, ake noman kusan rabin naman kazar da Amurka ke samarwa, a cikin dogayen ɗakuna marasa taga. Masu wannan sana'a suna sayen ingiricin da ya lalace da araha, su haɗa shi da kashin doki da na kaji, su ruɓar da shi ya zama takin da naman kaza ke tsirowa a kai. Kuɗin da suke biya ba ya kusa da na kore, amma yakan fitar wa manomi kuɗin igiya da na mai.